Hotunan Shekara Talatin Cikin Kilobait Sha Huɗu

Kwana ɗaya tak aka tura mai siton makarantar bitar kwamfuta, shi ma don malamin da aka zaɓa ya kwanta zazzaɓi ne, ga shi an riga an aika da sunan makaranta. Ya fita da safe yana mai ƙirga alli da tsintsiya, ya dawo da la'asar yana Injiniya. Ba wanda ya raɗa masa sunan. Shi ya rubuta shi a bayan kwalin sabulu ya manna a ƙofar sito. Malamai suka kama kiransa da shi don zolaya, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har yakan yi kamar bai ji ba idan aka kira shi da wani sunan.

Abu ɗaya ya koyo a bitar: yadda ake tattara fayiloli masu yawa a matse su cikin ƙunshi guda da ake kira zif, su ƙanƙance, sannan a kwance su a wani wuri su koma yadda suke. Rabin farko, wato matsewa, a kan idonsa aka yi. Rabi na biyu, wato kwancewa, bayan cin abincin rana aka yi shi, lokacin Injiniya yana kujerar baya, baki buɗe, yana hutar da ƙwaƙwalwa.

Ana haka sai ga babbar dama. Shugabar makarantar za ta yi ritaya bayan shekara talatin, an sa ranar Asabar don yi mata bankwana. Tsofaffin ɗalibai kuma sun haɗu sun gina ɗakin kwamfuta, inji goma sha biyu fil a leda, ga fanka, ga labule. Makullin ɗakin yana jakar Shugaba, ta kuma ce a wurin taron za ta miƙa shi ga wanda zai riƙa kula da ɗakin. Tun ranar da ya ji haka Injiniya ya daina ganin sitonsa da daraja. Kullum sai ya bi ta gaban sabon ɗakin sau huɗu, ya leƙa ta taga, ya zaɓi kujerar da zai riƙa zama.

Babban abin da aka shirya wa taron shi ne hotuna. Kundayen hotunan makarantar dai gara ta cinye su tuntuni, a cikin siton wani da ba sai an ambaci sunansa ba. Don haka Taifis, matar da ke buga wa ofis takardu, ta shafe wata uku tana bin tsofaffin ɗalibai gida gida tana aro, tana ɗaukar kowane hoto cikin tsohuwar kwamfutar ofis, tana mayar wa mai shi. Wasu hotunan ma a hannunta suka ƙarasa marmashewa. Ta tara dubu huɗu da 'yan kai, ta jera su shekara shekara. Shugaba ta ce ita ba ta son agogon bango ko bargo, a nuna mata yaranta a bango kawai, ta gan su sau ɗaya a jere kafin ta tafi.

Ranar Laraba aka zauna a ɗakin malamai kan yadda za a kai hotunan ɗakin taro. Malamin lissafi ya ce zai ba da aron kwamfutarsa ta hannu a haɗa da majigi, amma filash ɗin makaranta, ɗan abin da ake kwasar fayiloli a ciki, gigabait huɗu yake ci, hotunan kuwa sun kai gigabait talatin.

“Ranki ya daɗe, ai da sauƙi,” in ji Taifis. “Daga ofis zuwa ɗakin taro taku hamsin ne. Mu ɗauki kwamfutar ofis ɗin mu kai ta can.”

Injiniya ya yi dariyar da ya ga mai koyar da bita yana yi, ta hanci, ido a rufe.

“Ɗauka! A wannan zamanin! Ƙanwata, shi ya sa har yanzu muke baya. Mutane na can suna tura jirgi duniyar wata, mu muna nan muna dakon kwamfuta a ka. Ranki ya daɗe, a bar mini. Zan matse su.”

“Ka matse wa?” in ji Shugaba, tana dubansa ta saman tabarau.

“Hotunan. Zif zan yi musu. Su shiga filash ɗin nan har a samu wurin baƙi.”

“Ka taɓa yi?”

“Ranki ya daɗe, mai koyar da mu da kansa sai da ya zo ya tsaya a kaina.”

“Tashinka ya zo yi,” in ji malamin lissafi.

Aka yi dariya. Shugaba ta gaji, ga takardun miƙa aiki jibge a gabanta, sai ta ɗaga hannu ta ce ya gwada, amma ran Asabar tana son ganin yaranta a bango. Injiniya ya ji kalmar “gwada” a matsayin takardar kama aiki.

Da yamma ya sanar da unguwa. Ya tsaya a shagon tela maƙwabcinsa ya ce a gyara masa kwat ɗinsa, don ran Asabar za a damƙa masa ɗaki mai inji goma sha biyu. Tela ya ce Allah ya sanya alheri, ya kuma tambaya ko injinan na ɗinki ne. Injiniya ya yafe masa jahilcinsa, ya gayyace shi. A gida kuwa ya tarar da matarsa tana ninke wanki, ya yi mata bayanin gigabait tun daga tushe.

“Baban yara,” ta ce, ba ta ko ɗago ba, “wayarka idan ta shiga shiru ni kake kawo wa.”

“Wannan ƙaramin aiki ne. Manyan masana ba sa ɓata kai a kan ƙananan abubuwa.”

“To Allah ya sa babban ya fi ka sauƙin kai.”

Ran Alhamis da hantsi ya shiga ofis da littafin bita a hammata. Ya zauna a kujerar Taifis, ya ɗage hannun riga, ya miƙe ƙafa ya ɗora a kan baƙin akwatin da ke ƙarƙashin tebur, wanda ake soka wa filash da wayoyi. A iliminsa wannan akwatin soket ne mai ƙiba. A fuskar gilashin da ke kan tebur kuwa ga foldoji talatin rawaya a jere, kowace da shekararta, kowace da wata 'yar kibiya a kusurwarta ta ƙasa.

“Yaya Injiniya,” in ji Taifis, “kafin ka fara, ka ga 'yan kibiyoyin nan?”

“Ado ne.”

“Ba ado ba ne. Ni na sa su don Shugaba ta riƙa...”

“Ƙanwata, kin je bita?”

“Ban je ba.”

“To ni na je. Idan ina aiki ba a yi mini magana, hankalin injin rabuwa yake yi.”

Taifis ta dube shi irin duban da ake yi wa mai shirin zama a kan bencin da aka shafa wa fenti, wanda aka riga aka gaya masa sau biyu. Ta kwashi takardunta ta koma teburin gefe.

Ya zagaye foldojin talatin da linzamin kwamfuta, ya danna maɓallinsa na dama, ya zaɓi abin da aka nuna musu. Ya gyara zama don jiran awa guda, kamar yadda aka ce babban aiki kan ɗauka. Kafin ya gama jingina an gama. Ga ƙunshi guda ya bayyana, da zif a jikinsa kamar jakar tafiya. Ya duba nauyinsa. Ya goge ido ya sake dubawa. Sai ya kurma ihun da ya sa Baba maigadi ya taho da gudu da sandarsa, yana tsammanin maciji ne.

“Kilobait sha huɗu! Jama'a ku zo ku ga aiki!”

Ofis ya cika. Malamin lissafi ya zaro biro ya yi 'yan rubuce-rubuce a tafin hannu.

“Daga gigabait talatin zuwa kilobait sha huɗu. Ka rage shi sau miliyan biyu ke nan. Kamar ka ce ka zuba duk ɗaliban makarantar nan cikin kwalin ashana.”

“Har da malamansu,” in ji Injiniya.

“Su waɗanda suka ƙirƙiro abin ma ba su taɓa yin haka ba.”

“Ai shi ya sa nake gaya muku ƙasar nan ba a san darajar mutane ba.”

“To kwance mu gani mana.”

Nan Injiniya ya ɗan yi tari. Ya buɗe littafin bita, ya tarar shafin da ya kamata a ce bayanin kwancewa na ciki babu komai sai wani dogon layi da biro ya ja lokacin da barci ya fizge hannunsa. Ya rufe littafin a hankali.

“Abin da aka matse ba a kwance shi sai ranar amfani. Iska na shiga.”

“Iska,” in ji malamin lissafi.

“Iska. Ku masu lissafi ba a koya muku wannan.”

Da jama'a suka watse sai wani tunani ya zo masa, irin wanda ke zuwa wa manyan mutane. Idan matsa ɗaya ta yi wannan aiki, ina ga biyu? Ya kama ƙunshin ya sake matse shi cikin wani ƙunshin. Ya duba: kilobait sha biyar. Ya ɓata fuska, ya sake matsawa. Sha biyar da ɗoriya. Taifis ta leƙo daga teburinta ta ce kamar ƙaruwa yake yi.

“Ƙarfi yake yi,” ya ce. “Ba kya ganin mai motsa jiki? Tumbi ya tafi, ƙwanji ya fito.”

Sai da ya yi bakwai, wani cikin wani. Kowanne ya ba shi suna: HOTUNA, sai HOTUNA NA ƘARSHE, sai NA ƘARSHE SOSAI, har zuwa na bakwai, WANNAN NE WALLAHI. Kowanne kuma ya ɗaure shi da kalmar sirri, saboda ya lura akwai masu baƙin ciki a makarantar. Da yake kalmar sirri ba mai ganinta sai mai ita, ya saki zuciyarsa ya rubuta abin da ke cikinta. Ya kwafe kalmomin a 'yar takarda ya cusa a aljihu, ya tura ƙunshin cikin filash, ya zura wa filash ɗin igiyar takalmi ya rataya a wuya.

Ran Juma'a bayan an tashi, makaranta ta yi tsit, kowa ya tafi shirin gobe. Injiniya ya dawo ofis shi kaɗai don ya kammala alherinsa. Tunda hotuna suna wuyansa, me foldoji talatin suke yi suna cinye wuri? Ya zagaye su ya goge. Ya shiga kwandon shara na kwamfutar ya zubar da shi. Injin ya tambaye shi ko ya tabbata, ya ji haushin tambayar, don ko matarsa ba ta yi masa irinta sau biyu.

Daga nan alherin ya ƙara girma. Sabon shugaba zai zo ran Litinin, ai bai kamata ya tarar da tsohuwar kwamfuta cike da tarkacen wasu ba. Ya kira mai gyaran kwamfuta na bakin titi.

“Zan aiko maka da injin ofis. Ka goge komai da komai, kada ka bar ko wasali. Ina son ta dawo kamar yau aka haife ta.”

“An kwashe abin da ke ciki?” in ji mai gyara.

“Da wa kake magana?”

Ya zare wayoyin da ke bayanta, ya sauke ta daga kan tebur, ya naɗe ta da tsohon labule, ya tura soket mai ƙiba can ƙuryar tebur da ƙafa don kada ya tare hanya. Ya kira Baba maigadi ya ɗora masa.

Baba ya jinjina ta a hannu. “Ashe kwamfuta ba ta da nauyi haka?”

“Da shekaranjiya ka ɗauka, da ka ji a ƙugunka. Hoto dubu huɗu na cire daga cikinta.”

“Ikon Allah,” in ji Baba, ya nufi bakin titi.

Ran Asabar tun ƙarfe tara ɗakin taro ya cika, mutum ya kai ɗari uku. Tsofaffin ɗalibai sun zo daga nesa, wasu da furfura, wasu da 'ya'ya a kafaɗa. Shugaba na zaune a gaba cikin fararen kaya, jakarta a cinya. Matar Injiniya na layi na biyu, tela a gefenta, ya zo ganin kwat ɗinsa a bakin aiki. Aka yi jawabai, aka yi tafi, sannan mai gabatarwa ya ce lokacin hotuna ya yi.

Injiniya bai nufi kwamfuta ba, makirufo ya nufa. Ya ciro filash daga wuya ya ɗaga sama yana lilo.

“Jama'a, abin da kuke gani a hannuna shekara talatin ce. Wasu sun ce a yi dako. Ban ambaci suna ba. Ni na ce a yi ilimi. Abin da ya fi ƙarfin buhu, na sa shi a abin da bai kai ɗan yatsa ba, kuma ko kwana ban yi a kai ba.”

Tela ya yi tafi shi kaɗai, don kafaɗar kwat ɗin ta zauna daidai.

Aka kashe fitilu, aka saki labule. Majigi ya haska fuskar kwamfutar malamin lissafi a bango, kowane harafi ya kai girman kan mutum. Injiniya ya soka filash a karo na uku, bayan ya juya shi sau biyu. WANNAN NE WALLAHI ya bayyana a bango, aka ɗan yi gunaguni. Ya danna shi da addu'a a zuci, sai ga akwati yana neman kalmar sirri. Ya ji sanyi a ransa, ashe kwancewar ma ba wuya. Ya zaro takardarsa, wadda gumin kwana biyu ya jiƙa, ya buga. Ɗige-ɗige suka fito, injin ya ce ba daidai ba. Ya sake, ya ce ba daidai ba.

“Taɓa 'yar idon nan, ka riƙa ganin abin da kake bugawa,” in ji malamin lissafi cikin murya mai taushi, irin ta mai son taimako.

Injiniya ya taɓa. Ya duƙufa a kan madannai yana farautar haruffa da yatsa ɗaya, ya manta sarai cewa abin da yake gani, bango ma na gani. Mutum ɗari uku suka karanta tare da shi, harafi bayan harafi: “makulli nawa ne”.

Aka fashe da dariya. Ya ɗauka murnar buɗewar ce, ya ɗaga hannu ya amsa gaisuwa. Ciki kuwa babu hoto, sai wani ƙunshin. Ya koma kan takarda. Bango ya rubuta: “mai lissafi kan kabewa”.

“Na gode, Injiniya,” in ji malamin lissafi. “Ci gaba, muna tare.”

Na uku ya ce: “taifis sai iyayi”. Taifis, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta gyaɗa kai kamar an karanto sunanta a jerin masu kyauta. Sai a lokacin Injiniya ya waiwaya ya ga bango. Gumi ya karyo masa. Ya sa tafin hannu ya rufe fuskar kwamfutar, abin da bai rage wa bango komai ba.

“A kashe majigin tukuna,” ya ce.

“A bar shi,” in ji Shugaba. “Yarana nake jira. Saura nawa?”

“Huɗu, ranki ya daɗe.”

“To bismillah.”

Ya dubi takarda, ya dubi ƙofa, ya ga Baba maigadi ya tokare ta da sanda yana kallo da sha'awa. Ya buga na huɗu da sauri, ko saurin zai hana karatu: “tsohuwa ta tafi mu huta”.

Ɗakin ya yi “Kai!” da murya ɗaya. Shugaba ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake karantawa a tsanake, yadda ta saba duba jarrabawa.

“Rubutunka ya gyaru,” ta ce. “Babu kuskure ko ɗaya. Na gaba.”

Na biyar ya zo da sauƙi, “injiniya ikon allah” ne kawai, har wasu suka ji an cuce su. Na shida kuwa ya tsaya ya daɗe yana kallon takarda.

“Ranki ya daɗe, wannan na iyali ne.”

“Buga, baban yara,” in ji wata murya daga layi na biyu. “Iyalin na nan.”

Bango ya rubuta: “girkin matata sai haƙuri”.

Mata suka ɗauki salati. Tela ya matsar da kujerarsa kaɗan. Matar Injiniya ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta harɗe hannu, ta yi masa wani murmushi da ya sa ya gwammace a ce zaginsa ta yi.

Saura ƙunshi ɗaya, mai suna HOTUNA, amma gumi ya cinye layin ƙarshe na takardar, sai shuɗin tabo. Jama'a suka shiga ba da shawara. Wani ya ce a gwada sunan surukarsa, wani ya ce a gwada na sabon shugaba.

“Wannan shi ya fara yi,” in ji Taifis daga bakin ƙofa, “tun kafin ilhama ta sauko masa. Ku gwada ɗaya, biyu, uku, huɗu.”

Ya buɗe. Foldoji talatin rawaya suka jeru a bango, shekara bayan shekara, kowace da 'yar kibiyarta. Ɗaki ya ɗauki tafi, har da masu tsayuwa. Injiniya ya ji ransa ya dawo. Ya gyara kwat, ya ɗan rusuna wa jama'a, ya danna shekarar farko.

Wani ƙaramin akwati ya fito ya ce ba a sami abin da ake nema ba. Ya danna ta biyu, akwatin ya sake fitowa. Ta uku, ta goma, ta talatin. Akwatin bai gaji ba.

“Iska ce ta shiga,” in ji malamin lissafi.

Taifis ta tako zuwa gaba, ba ta karɓi makirufo ba, amma kowa ya ji ta.

“Ranki ya daɗe, waɗannan ba foldojin hotuna ba ne. Masu kibiyar nan alamu ne kawai, masu nuna hanya. Ainihin hotunan suna can ciki, na ajiye su a wuri mai nisa, sai na jera miki waɗannan a gaba don ki riƙa dannawa ba wahala. Yaya Injiniya allunan kwatance ya tumɓuke ya ƙunsa, ya bar garin a inda yake.”

“Shi ya sa ba nauyi,” in ji tela, wanda ya fara fahimtar kwamfuta.

“To a je ofis a ɗauko,” in ji Shugaba.

Injiniya ya rage murya. “Ranki ya daɗe, na goge su jiya. Don a samu wuri.”

Wata mata a baya ta ce innalillahi. Taifis kuwa ko gezau.

“Waɗanne ka goge? Masu kibiya?”

“Su.”

“To allunan ka sake gogewa. Hotuna na nan lafiya.”

Ɗaki ya sauke ajiyar zuciya, har an fara tafi. Injiniya ya so ƙwarai ya bar maganar a nan, amma Baba maigadi mutum ne mai gaskiya.

“Wace kwamfutar za a ɗauko? Ba ita na kai wa mai gyara jiya ba, aka ce ya goge komai kada ya bar ko wasali?”

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Taifis ta dafa bango, wata uku na yawon gidajen mutane suka bi ta fuskarta. Shugaba ta kalli farin bangon da babu kowa a kansa, ta kalli mutanen da suka yi tafiyar yini guda don su ga ƙuruciyarsu, ta ce a hankali, “A kira shi.”

Malamin lissafi ya karɓi wayar Injiniya, ya buga, ya buɗe murya ya kara ta a makirufo. Ƙarar ta cika ɗaki sau biyar kafin a ɗauka.

“Injiniya manya!” in ji mai gyara, ana jin rediyo a bayansa. “Tun jiya nake nemanka.”

“Shugabar makaranta ce. Kwamfutar da aka kawo maka, ka goge ta?”

“Ranki ya daɗe, wace kwamfuta? Gilashin kawai aka kawo mini, naɗe a labule kamar jariri. Me zan goge a cikin gilashi? Na dai kakkaɓe masa ƙura. Ita kwamfutar ai baƙin akwatin nan ne na ƙarƙashin tebur, shi nake ta jira a kawo.”

Dariyar da aka yi sai da ta sa majigi rawa a kan tebur. Wani dattijo ya zame daga kujera yana riƙe da ciki. Baba maigadi da Taifis suka fita, ba a yi minti uku ba suka dawo, Baba na rungume da soket mai ƙiba, da sawun takalmin Injiniya a gefensa. Taifis ta haɗa wayoyi, ta danna sau biyu.

Yara goma sha biyu suka bayyana a bango, tsaye a gaban aji ɗaya tilo mai rufin kwano, da wata siririyar malama a tsakiyarsu tana ƙifta ido saboda rana. Wani mai furfura a layi na huɗu ya miƙe yana ihu, “Ga ni can! Ni ne marar takalmin!” Shugaba ta sa gefen mayafi a ido. Aka shafe awa biyu ana nuna yara, ana kiran sunaye, ana musun wane ne wane.

Da aka kunna fitilu, Shugaba ta buɗe jaka ta ciro makulli. Injiniya, wanda ya samu awa biyu a duhu ya sake gina kansa, ya matso gaba ya yi gyaran murya.

“Ranki ya daɗe, idan aka lura, duk abin da na yi, ko hoto ɗaya bai ɓata ba. Wannan shi ake kira tsaro mai hawa uku.”

“Na lura,” in ji Shugaba. Ta miƙa wa Taifis makullin, ta rufe hannunta a kai da nata hannun, sannan ta juyo ta karɓi makirufo. “Mai sito, a gaban jama'a ina yi wa Allah godiya da ilimin da ya ba ka, da kuma inda ya tsayar da shi. Sau uku ka yi niyyar hallaka hotunan nan da zuciya ɗaya, sau uku iliminka bai kai ba. Da ka san ko rabin abin da kake cewa ka sani, da yau bango muka zo kallo.”

Aka yi tafi mai tsawo. Injiniya ya tsaya a cikinsa, ya ɗan sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. A bakin ƙofa, ana fita, ya kamo hannun tela ya rage murya.

“Ka dai ji da kunnenka. A gaban mutum ɗari uku ta yi godiya da ilimina.”